Gardamar faifan shekara: Sai Bature ya yaba za mu ji kiɗan maƙwabcin mu?

Mai karatu, na san abin da za ka faɗa tun kafin ka gama karanta kanun wannan rubutu. Cewa za ka yi, "To, yau kuma me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mujallar mu da kiɗan rok na Turawan nan masu dogon gashi da ihu kamar an taka masu ƙafa?" Yi haƙuri ka gyara zama. Mu na da ruwa har da tsaki a cikin maganar. In ka bi ni a hankali za ka ga ta taso daga Landan, ta biyo ta Agadas, ta sauka a Sakkwato, a cikin irin situdiyon nan da a ke buga waƙoƙin finafinan mu.

Su Turawa, musamman na Ingila da Amurka, su na da wata al'ada. Da zarar Disamba ta kama, mujallun kiɗa irin su Rolling Stone da Mojo da Uncut da NME sai kowace ta fito da jerin albam ɗin da ta ga sun fi kyau a shekarar, wata hamsin, wata ɗari. Daga nan sai gari ya ɗauka. Masoya su yi ta cacar baki: don me aka sa wane a na ɗaya, kuma wane algungumi ne ya tura gwanin mu na sha bakwai? Har abota kan yi tsami a kan haka. In ka na ganin wauta ce, tuna yadda a ke kwashewa a majalisar ku ran da Arsenal ta haɗu da Manchester United, ko yadda iyayen mu su ka sha musu a kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo, wa ya fi wani iya waƙar sarauta.

Mu ma nan Kano akwai 'yan tsiraru masu wannan ciwo, kuma ina cikin su. Mu kan taru bayan sallar isha'i a shagon wani abokin mu mai gyaran rediyo da lasifika, don shi ke da kayan sautin da ke fito da kiɗan yadda ya kamata. A ƙarshen shekarar 2024 mun tafka wata gardama wadda har yau ta na yi mani kaikayi, shi ya sa na kawo ƙara gare ka.

Babban mu a wurin wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya yi jami'a a Zariya a shekarun 1970. Shi a wajen sa an gama magana: 'Hackney Diamonds' na Rolling Stones. Hujjar sa ita ce mutanen nan tun 1962 su ke abu ɗaya, Mick Jagger ya cika shekara 80 amma muryar sa ba ta dushe ba, kuma shekara 18 su ka yi ba su fitar da albam na sababbin waƙoƙi ba kafin wannan. Ya ce, "Ku yara ba ku san kiɗa ba. Albam ɗin da Paul McCartney da Stevie Wonder da Elton John su ka sa hannu a ciki, wa zai ja da shi?"

Wani ɗalibin jami'a, ƙaramin cikin mu, ya ce, "Baba, da girman ka, wannan fa tun Oktoban 2023 ya fito. Mu maganar bana mu ke yi." Shi gwanin sa 'Romance' ne, albam na huɗu na samarin nan na birnin Dublin, wato Fontaines D.C., wanda ya fito a Agusta. Wani malamin sakandare kuma ya kafe a kan 'Songs of a Lost World' na The Cure, wanda ya fito ran 1 ga Nuwamba bayan shiru na shekara 16, ya kuma haye na ɗaya a kasuwar Ingila. Mai shago shi Jack White ya riƙe. Abin da ya burge shi shi ne yadda mutumin ya saki 'No Name' a watan Yuli: faifai fari fat, ba suna ba hoto, aka riƙa jefa wa masu sayayya a jaka kyauta a shagunan kamfanin sa na Detroit da Nashville da Landan, sai da mutane su ka je gida su ka kunna sannan su ka gane abin da aka ba su.

Duk wannan bai dame ni ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya fara ɓata mani rai shi ne irin hujjar da a ke kawowa. Da musu ya yi zafi sai ka ga kowa ya zaro waya, ya na lalube, ya na cewa, "Ga shi nan, mujalla kaza ta sa shi a na uku!" Ɗayan ya ce, "Ai waccan ta sa nawa a na ɗaya!" Haba jama'a! Ga lasifika a gaban mu, ga kunnuwa biyu-biyu Allah Ya ba mu, amma mun koma 'yan aike, mu na karanto wa juna hukuncin da wasu su ka yanke a ofisoshin su na Landan da New York. Wannan ai ba gardama ba ce, karatun sakamakon jarrabawa ne.

Da aka zo kai na sai na ce ni faifai na na shekara shi ne 'Funeral for Justice' na Mdou Moctar. Shagon ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka fashe da dariya. Malamin sakandare ya ce, "Malam, rok fa mu ke magana. Wannan ai kiɗan Buzaye ne." Dattijo ya gyaɗa kai ya ce yaron ya iya jita, ba laifi, amma a ajiye shi a ɓangaren su.

To, mai karatu, wannan kalma ta "ɓangaren su" ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari in tambaye ka. Mutum huɗu ne a ƙungiyar: Mahamadou Souleymane, wato shi Mdou, a kan babbar jita da waƙa, Ahmoudou Madassane a kan jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun a kan jitar nan mai kaurin murya. Jita biyu masu lantarki, da mai kauri ɗaya, da ganguna. Ina abin da ya rage? Ai da irin waɗannan kaya Beatles su ka ci duniya. Kamfanin Matador na New York, wanda a kan kiɗan rok ya yi suna, shi ya fitar da faifan ran 3 ga Mayu, 2024. Wata ɗaya kafin nan sun hau dandalin Coachella a California. Ka kunna waƙar farko ka ji yadda jita ke tsage iska tun daga daƙiƙar farko. In wannan ba rok ba ne, to a gaya mani ko mene ne. Abin da kawai ya raba shi da su Jack White shi ne mai kiɗan ya na da rawani, kuma da Tamashek ya ke waƙa.

Shi wannan ɓangare da a ke tura mu, ka san daga ina ya fito? A 1987 wasu masu kananan kamfanonin faifai su ka zauna a wata mashaya a Landan su na neman sunan da za a liƙa a kan akwati ɗaya a shaguna, don a riƙa zuba duk kiɗan da ba na Turawa ba a ciki. Su ka tsaya a kan sunan da ma'anar sa ita ce "kiɗan duniya". Dabara ce ta kasuwa, kuma ta taimaki wasu mawaƙan Afirka sun samu masu saye, ba na musu. Amma akwatin ya zama kurkuku. A cikin sa aka ba Ali Farka Toure kyautar Grammy a 1995. A cikin sa aka ba Tinariwen a 2012 saboda 'Tassili'. A cikin sa aka sa sunan Bombino na Agadas a 2019 saboda 'Deran'. A 2020 aka sake wa akwatin suna, amma shi ɗin ne dai, kuma a nan Burna Boy ya karɓi tasa a 2021. Don Allah me ya haɗa kiɗan Burna Boy da na Tinariwen, in ban da cewa dukkan su daga nahiyar mu su ka fito? Idan Bature ya yi wannan rabo, ai don saukin kan sa ya yi. Amma Bahaushen Kano, wanda Abzinawa ke cin kasuwa ɗaya da kakannin sa tun zamanin ayarin gishiri, ya zauna ya na maimaita wannan rabo da bakin sa? Wannan kam abin kunya ne.

Kuma kada ka manta da asalin kiɗan. Baƙaƙen fata na Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, su ne su ka haifi kiɗan bulus, shi kuma ya haifi rok. Su Rolling Stones ɗin da Baba ke taƙama da su, daga waƙar wani baƙin mutum, Muddy Waters, su ka ciro sunan su, kuma da waƙar tasa su ka rufe 'Hackney Diamonds' ɗin. Jimi Hendrix, wanda kowa ya yarda shi ne sarkin jita, baƙi ne kuma bahago, kamar dai Mdou. To ta yaya jikan bawa zai ƙirƙiri abu, Bature ya ara, sannan in ɗan Afirka ya taɓa a ce masa ya koma ɓangaren su?

A watan Fabrairu na 2025 Baba ya shigo shago ya na murmushi har kunne: 'Hackney Diamonds' ya ci Grammy ta faifan rok, ya kada 'Romance' da 'No Name' da na Green Day da Pearl Jam da sauran su. Ya ce, "Ina yaran nan? Abin da babba ya hango..." Na taya shi murna, amma na tuna masa abu biyu. Na ɗaya, faifan 2023 ne, lissafin shekarar masu kyautar ne ya jawo shi ciki. Na biyu, sunan Mdou bai ma shiga cikin bakwai ɗin da su ka yi takara ba. Wanda ba a bari ya shiga fili ba, ba a ce an kada shi.

Yanzu kada ka ce son kai ne ya sa na zaɓi ɗan Nijar. Maƙwabtaka ba hujja ba ce a wajen kiɗa. Da faifan lami ne da na faɗa. Ni ma'auni na uku ne, kuma ga su a fili don ka kama ni da su.

Na farko, shin faifan ya faɗi wani abu da ya shafi zamanin sa? 'Hackney Diamonds' kiɗa ne mai daɗi, amma in ka ce mani a 1994 aka yi shi ba zan yi musu ba. 'No Name' ma komawa ce ga irin abin da Jack White ya yi tun farkon shekarun 2000. Shi kuwa 'Funeral for Justice', sunan sa ma kaɗai ya ishe ka: jana'izar adalci. Waƙoƙi tara ne. A ciki akwai 'Oh France', inda ya fuskanci Faransa gaba da gaba. Akwai 'Modern Slaves'. Akwai 'Imouhar', kira ga 'yan'uwan sa Abzinawa kada su bar harshen su ya mutu a bakin 'ya'yan su. Akwai ma wata mai suna 'Takoba', kalmar da kunnen Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a kan ta. Mutumin nan ya fito ne daga ƙasar da a ke haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, aka kuma shafe shekaru a na kai wa Faransa, wadda mafi yawan wutar ta daga nukiliya ta ke, alhali 'yan Nijar da ke da wuta a gida ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. An gama ɗaukar faifan kafin sojoji su kifar da gwamnatin Bazoum ran 26 ga Yuli, 2023. Juyin mulkin ya riski ƙungiyar su na rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, su ka kasa komawa gida na wani lokaci. Kafin faifan ya fito sojojin Faransa sun riga sun tattara sun bar Nijar a Disambar 2023. Ko ka na goyon bayan abin da ya faru ko ba ka yi, ka nuna mani wani faifan rok na 2024 da ya tsaya a tsakiyar tarihi haka.

Na biyu, shin hannu ne ya buga? Cikin kwana biyar su ka ɗauke shi a wani gida a jihar New York, bayan sun shafe kusan shekara biyu su na yawon wasa. Ka saurari 'Imouhar': ta na farawa a hankali kamar daga wata tsohuwar rediyo a ɗaki na gaba, sai kwatsam ganguna su ɓarke. Kuma gudun gangar ba irin na Turawa ba ne, sukuwa ce irin ta kiɗan takamba, mai juyawa ta na ƙara wuta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji yadda kalangu ke hawa, jikin sa zai gane abin kafin kan sa.

Na uku, shin ka na komawa gare shi bayan hayaniya ta lafa? A nan dole in yi adalci. Faifan The Cure abokin karawa ne na gaske. Waƙoƙi takwas ne na dattijon da ya binne iyayen sa da yayan sa, waƙar farko ma sai an yi fiye da minti uku a na kiɗa kafin Robert Smith ya buɗe baki. Ranar da aka yi mani rasuwa, bayan an watse daga zaman makoki da kwanaki, shi na kunna. Da malamin sakandare ya kare shi da irin wannan hujja, ba da lambar da ya samu a jerin mujalla ba, da na sara masa. Haka kuma na yarda faifan Mdou na da nasa rauni. Wani wurin jitar kan yi tsawo har ta gaji da kan ta, kuma akwai masu ganin 'Afrique Victime' na 2021 ya fi shi taushi da zurfi. Akwai kuma abin da ba zan ɓoye ba: faifan da ke zagin mulkin mallaka, kamfanin Amurka ne ya fitar da shi, kuma Turawa ne mafi yawan masu sayen sa. To amma laifin wa? Wannan tambaya ita za ta kai mu Sakkwato.

Mdou mutumin yankin Abalak ne a jihar Tawa. Gidan su ba su son kiɗa, don haka da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitar sa ta farko, bayan ya ga wasan marigayi Abdallah Oumbadougou. Wannan bai tuna maka da Ɗanmaraya Jos da kuntigin sa ba? Albam ɗin sa na farko, 'Anar', a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da na'urar nan mai lanƙwasa murya da gangar kwamfuta, sak irin na waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. A lokacin ba wani kamfani da ya saida shi. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da memori, har ya tsallaka Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙar 'Tahoultine' a wayoyin mutane, ya sa ta a faifan 'Music from Saharan Cellphones', sannan ya bi sawu har ya gano mai ita. Mai shagon mu na ta yabon Jack White don ya raba faifai ba suna. Ga wanda waƙar sa ta ratsa Sahara ba suna, ba talla, ba shago, shekaru da dama kafin haka.

Shi dai wannan Kirkley ne ya tattara waƙoƙin finafinan mu ya fitar da 'Harafin So' a 2013, har da muryar Fati Nijar a ciki. Shi ne kuma ya ba da umarnin fim ɗin 'Akounak Tedalat Taha Tazoughai' na 2015, wanda aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek, Mdou na jarumi a kan babur, an gina labarin a kan 'Purple Rain' na Prince na 1984. Mu da mu ka ƙware wajen juya finafinan Indiya zuwa Hausa, ai mu ya kamata mu fi kowa sha'awar ganin yadda maƙwabci ya juya na Amurka. Amma tsakanin ka da Allah, mai karatu, ka taɓa ganin sa? Ka taɓa jin wani furodusa ko darakta a Kano ya ambace shi? Yaro ya shigo situdiyon mu, ya yi aikin sa na farko da kayan mu, ya fita ba wanda ya ɗaga kai. Sai da mutum ya taso daga Portland ya gaya wa duniya. Mun zama inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ga Tal National na Yamai, masu waƙa har da Hausa, waɗanda wani kamfanin Ingila ya fitar wa da 'Kaani' a 2013 da 'Tantabara' a 2018. Sau nawa ka ji su a gidajen rediyon mu?

Dalilin a fili ya ke. Tun zamanin 'Sangaya' mu ka miƙa kiɗan mu ga mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta. Ba na raina masu wannan sana'a, sun ciyar da gidaje, kuma daga hannun irin su 'Anar' ya fito. Amma mun wayi gari yaro ba ya ganin amfanin ya shekara goma ya na koyon gurmi kamar Haruna Uji, balle mutum huɗu su haɗu su yi ta gwaji har hannuwan su su san juna. Kunnen da ya saba da ganga ɗaya mai maimaita kan ta, in ya ji mai ganga na gaske sai ya ce hayaniya ce. Sannan mu marubuta mun fi kowa laifi. Mawaƙan mu na fitar da albam duk shekara, amma abin da mu ke rubutawa shi ne wa ya yi aure, wa ya sayi mota, wa ya yi wa wane habaici. Yaushe rabon da ka karanta shafi biyu cur a kan albam ɗaya na Hausa, an bi shi waƙa-waƙa, an ce nan ya yi kyau saboda kaza, nan ya yi lami saboda kaza? Su Turawan da mu ke karanto jerin su, abin koyi a wajen su ba jerin ba ne. Sun ɗauki kiɗan su da muhimmancin da har za su ɓata da juna a kan sa.

Don haka ga roƙo na. In Disamba ta zagayo, ku zauna a majalisar ku ku yi gardamar faifan shekara, na rok ne, na fim ne, na gargajiya ne. Amma a kife wayoyi a kan tabarma. Kowa ya kunna nasa, ya faɗi dalili da bakin sa. In ka saurari 'Funeral for Justice' daga farko zuwa ƙarshe, minti arba'in bai cika ba, ka ga cewa na yi kuskure, to rubuto wa Edita ka ragargaje ni, shafin wasiƙu a buɗe ya ke. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka ce mani mujalla kaza ta ce. Ka gaya mani abin da kunnen ka ya ji.

Shi kuwa Baba, har yanzu ya na kan bakan sa. Sai dai kwanan baya na shiga shago da wuri na tarar da shi shi kaɗai da mai gyara, 'Imouhar' na tashi a lasifika, ya na kaɗa ƙafa. Da ya gan ni sai ya ce wai lasifikar su ke gwadawa. Ban ce komai ba, na gaishe shi na nemi wuri na zauna. Allah Ya ja da ran Baba, mu kuma Ya buɗe mana kunnuwa.